Tsoro da Firgici na Iya Jinkirta Maganar Yaro

Uwargida, tun jaririnki yana ciki, daga wajen wata na 7, yake jin muryarki. Bayan haihuwa kuma, duk sa'ad da ya yi gwalantu kika amsa masa, koyon magana yake yi. Yawancin yara kan faɗi kalmar farko wajen shekara 1, su haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2.

Amma yaron da ke tashi cikin duka, tsawa, ko faɗan iyaye kullum, jikinsa kan riƙa fitar da sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki lokacin tsoro. Hankalinsa sai ya koma kan tsare kansa, yana duban fuskar manya ko an ɓata rai, maimakon sauraren abin da ake faɗi. Wani ya makara wajen magana, wani ya daina kallon mutane ko wasa da 'yan'uwansa. A wani bincike da aka fara a ƙasar Romaniya a shekarar 2000, marayun da aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi waɗanda aka bari a gidan marayu iya magana.

Mu duba yaye. A gidaje da yawa a Bunkure da Kura, rana ɗaya ake shafa maɗaci a nono, a kai yaro gidan kaka, daidai lokacin da bakinsa ke buɗewa. A ganina wannan ya yi masa nauyi. Ki rage shayarwa a hankali, kuma ya saba da kakar tun kina nan. Kunyar ɗan fari ma kada ta hana ki yi masa hira. Ko lokacin girbi ne kina turara shinkafa, faɗa masa sunan abin da ke hannunki.

Maigida, a guji rigima a gaban yaro. Idan mai jego ta yi fiye da mako biyu cikin ƙunci da kuka, a kawo ta asibiti, akwai magani.

In yaro ya kai shekara 2 bai haɗa kalmomi ba, ko ya yi shiru bayan ya fara magana, kada a ce miskilanci ne. A kai shi asibiti mafi kusa. Idan akwai buƙata za a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kunne za a fara dubawa, domin sanƙarau, ƙyanda da shawarar jarirai mai tsanani na iya jawo kurumta.