Cacar waya: Wa ke ba su lasisi, wa ke cin su tara?

A da, mai son caca a ƙasar Adar sai ya nemi rumfar sayar da tikiti a Tawa ko Madawa, kowa na ganin shigarsa. Yanzu kuwa rumfar ta koma cikin aljihu. Yaron shago a Ibohamane ko Buza ko Keita, yana zaune bayan buhunan albasar uwar ɗakinsa, sai ya zuba jika biyu a kan wasan ƙwallon Ingila, ba wanda ya ji ko ya gani sai ranar lissafi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu barin ciniki a hannun yara, su san yadda dokar abin take.

A Nijar, kamfanin gwamnati na LONANI ne doka ta damƙa wa harkar caca, har da ta tseren dawaki da ake kira PMU. To amma waya ba ta san kan iyaka ba. Shafukan da matasa ke shiga da yawansu rajistarsu na wata ƙasa mai nisa, kuma a nan gizo ke saƙa: idan kamfani ya rufe asusun mutum da kuɗinsa a ciki, ba ofishin da zai je a Keita ko Yamai ya ce a bi masa hakkinsa.

Maƙwabtanmu na Nijeriya, inda 'yan cin raninmu da dama ke koyo wannan ɗabi'a, sun kafa dokar caca ta ƙasa a 2005, da hukumar ba da lasisi a Abuja. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa wannan iko na jihohi ne, dokar tarayya ba ta aiki sai a Abuja kaɗai. Ke nan lasisin Abuja ba ya kare kowa a Kano ko Sakkwato. Tun kafin hukuncin ma, a watan Oktoba na shekarar, Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca kusan 30. Sai dai Hisbah shago take iya garƙamewa. Wayar da ke aljihun yaro fa?

A Ingila, inda caca halal ce a dokarsu, hukuma aljihun kamfani take taɓawa. A 2022 an ci kamfanin Entain fam miliyan 17, a 2023 kuma William Hill ya biya fam miliyan 19.2. Laifinsu kuwa shi ne barin mutane suna zuba maƙudan kuɗi ba tare da an tambaye su inda suka samo ba. Ku lura da wannan, domin shi ne ciwon ɗan kasuwa: kuɗin da ake cacar da shi sau da yawa ba na mai cacar ba ne. Tun 2020 ma sun hana yin caca da katin bashi na banki.

A wajenmu ba mai yi wa yaro wannan tambaya sai mai dukiya. Shawararmu ga Hajiya mai shago ita ce kuɗin ciniki da ake turowa ta waya ya riƙa shiga lambarta, ba ta yaro ba, a kuma yi lissafi kowace yamma kafin a rufe rumfa, kada a bari sai ranar kasuwa ta zagayo.