Nazarin haɗurran aiki da manhaja: Abin da ɗan kwangila zai sani kafin ya tura leburori Babban Duhu

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara, ciki har da Bagega da Dareta da 'Yargalma. Masu haƙar zinare suna niƙa duwatsu a bushe a cikin gidajensu, ƙurar kuma tana ɗauke da guba. Aiki ne da suka saba yi kullum, amma ba a taɓa zama an tantance matakin da ke iya kisa a cikinsa ba. Daga baya aka koya musu jiƙa dutse kafin niƙa, da fitar da aikin daga cikin gari.

Irin wannan tantancewa ita ake kira nazarin haɗurran aiki. Ana rarraba aiki mataki-mataki, a gano abin da zai iya cutar da ma'aikaci a kowane mataki, sannan a tsara kariya tun kafin a fara.

Yadda ake yin nazarin

A ɗauka ɗan kwangila daga Katsina ya samu aikin yashe rijiya a Babban Duhu da ke Ƙaramar Hukumar Safana. Matakan aikin su ne zura mutum da igiya, da fitar da laka da guga, da janye ruwa da inji. Igiya na iya tsinkewa, guga na iya faɗowa kan wanda ke ƙasa, bango na iya ruftawa. Mafi muni shi ne hayaƙin injin fetur, domin yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda ke taruwa a rami, ta sumar da mutum kafin ya ankara.

Ana ba kowane haɗari maki biyu daga 1 zuwa 5: ɗaya na yiwuwar aukuwarsa, ɗaya na muninsa. Sai a ninka su. Wanda ya kusanci 25 shi ake fara magancewa.

Kariyar ma tana da daraja hawa-hawa. Mafi inganci ita ce kawar da haɗarin baki ɗaya, kamar ajiye injin a waje, nesa da bakin rijiya. Sai sauya hanyar aiki, sai shinge ko tokare bango, sai ƙa'idojin aiki da horo. Hular kwano da safar hannu su ne na ƙarshe, duk da cewa su mutane suka fi sani.

Amfanin manhaja

Manhajoji irin su SafetyCulture suna bai wa shugaban leburori fom a wayarsa. Zai cike matakan, ya ɗauki hoton wurin, manhajar ta lissafa maki, ma'aikata su sa hannu, rahoton ya isa ofis ɗauke da rana da lokaci. Ga jami'in ma'aikatar ayyuka da ke zaune a Katsina, wannan shaida ce cewa an yi nazarin kafin a fara aiki, ba bayan an yi hasarar rai ba. Wanda ba shi da kuɗin biyan irin waɗannan zai iya tsara nasa fom da Hausa a KoboToolbox, wadda ke karɓar bayanai ko babu intanet.

Wannan batu na intanet ba ƙarami ba ne a yammacin Katsina. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Safana da Batsari. Manhajar da ba ta buɗuwa sai da intanet ba za ta yi amfani a irin wannan yanayi ba.

Inda manhaja ke gazawa

Fom ɗin da aka tsara a Turai bai san cewa hanyar da ke kusa da dajin Rugu tana da lokacin bi da lokacin da ba a bi ba. Bai san zafin watan Afrilu ba, balle ma'aikacin da ke azumi a cikinsa. Waɗannan sai an tambayi mutanen gari da tsofaffin maginan rijiya. Akwai kuma masu kwafo nazarin wani aiki su sauya masa kwanan wata kawai, alhali ba su taka wurin ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa masu masana'antu alhakin kare lafiyar ma'aikatansu. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuwa ta wajabta wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa ga asusun NSITF, domin biyan diyya idan an ji rauni ko an rasu a bakin aiki.

Diyya dai ba ta mayar da rai. Ɗan kwangilar da ya zauna da leburorinsa na rabin sa'a kafin a zura igiya, ya rubuta abin da suka faɗa, ko a waya ko a takarda, ya kuma aiwatar da shi, shi ne ya yi nazarin da ake bukata.