Sikirif ko Shiri Harhaɗaɗɗe: Wane ne Rubutun Shiri na Haƙiƙa?

1. Gabatarwa

A wajen duba kundayen ɗalibai akan ji ana cewa wanda ya yi aiki da sikirif bai rubuta shirin kwamfuta ba, sai wanda ya yi da harshe kamar C. Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa wannan rabo ba shi da tushe mai ƙarfi.

2. Mafarin rabon

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya samar a 1972, yakan bi ta hannun maharhaɗi, mai juya dukan shirin zuwa harshen na'ura kafin a fara aiki. Sikirif kuwa, irin na Perl (1987) ko Python (1991), yakan bi ta hannun tafinta, mai zartar da umarni a lokacin aiki. Amma iyakar ba ta tsaya cak ba. Python kansa yakan fara juya rubutu zuwa wani harshe na tsaka-tsaki, haka ma Java (1995). Saboda haka harhaɗawa hanyar zartarwa ce, ba siffar harshe ba.

3. Misali

Mu ɗauki mai bincike da ya tattara labaran baka na Damagaram a Dakusa, cikin gundumar Takeita, aka buga su da keken rubutu marar haruffa masu ƙugiya: k'asa, d'aki, 'ya'ya. Yana son ya mai da su ƙasa, ɗaki, ƴaƴa, bisa ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999. Sikirif na layi ashirin zai iya yi. Sai dai dole marubucinsa ya bar ma'ana da sa'a yadda suke, ya lura da manyan haruffa, ya kuma rarrabe 'y na asali da alamar zance da ta faɗo gaban kalma kamar yaro. In ya yi sake, zai ɓata ɗaruruwan kalmomi ba tare da na'ura ta yi gargaɗi ba. Wannan tunani ne shirin. Rubuta shi da C ba zai rage ko ƙara masa komai ba.

4. Kammalawa

Harhaɗawa na da amfani inda ake buƙatar sauri ko ƙwaƙwalwar na'ura ta yi kaɗan. Amma wajen auna aikin ɗalibi, muna ba da shawarar tambayoyi uku: shin ya fayyace matsalar? Ya gwada shirin a kan wuraren da ke da ruɗani? Wani zai iya sake gudanar da shi ya sami sakamako iri ɗaya?