Yadda Ake Yawon Birnin Bankok Da Ƙaramin Guzuri

A babban hutun da ya wuce Allah ya nufe ni da raka kawuna zuwa Bankok, babban birnin ƙasar Tailan. Kawu ɗan kasuwa ne, yana sarin tufafi a kasuwar Pratunam. Kuɗin jirgi ya cinye mana guzuri ƙwarai, don haka ya gargaɗe ni cewa duk abin da muka kashe a banza daga jarinsa zai fita. Wannan ya sa muka bi sawun wasu matasa matafiya da na gani a can, masu goya jaka ɗaya tak a baya, suna zaga duniya da kuɗi kaɗan.

Matattararsu ita ce titin Khao San. Ma'anar sunan ita ce gyararriyar shinkafa, domin a da kasuwar shinkafa ce, amma tun wajen shekarun 1980 ta koma unguwar baƙi. Dabararsu ta farko a wurin kwana take. Ba sa kama babban otal, sai su biya kuɗin gado ɗaya a ɗaki mai gadaje masu hawa biyu. Da na shiga, sai na ga tamkar ɗakin kwananmu na makaranta.

Ta biyu ita ce abin hawa. Titunan Bankok sun cika cunkoso, mota takan daɗe a wuri ɗaya. Saboda haka mai dabara yakan shiga jirgin ruwa a kogin Chao Phraya, wanda ya ratsa birnin. Abin da kowannenmu ya biya bai kai baht 20 ba, baht kuwa shi ne kuɗin ƙasar. Akwai kuma jirgin ƙasa mai bi ta kan gada, wanda aka buɗe a 1999, da na ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 2004.

Ta uku ita ce abinci. Shinkafa da taliyar bakin titi sun fi na otal araha nesa ba kusa ba. Amma ana yawan dafa naman alade, don haka mukan nemi rumfar da ke da alamar halal, musamman kusa da masallatai. Ruwan sha kuwa na kwalba muke saye.

Sai dai araha ba ta ado. Wata safiya mun nufi tsohuwar fadar sarakunan ƙasar, wadda aka fara ginawa a 1782, sai wani mai tuk-tuk, wato irin keke napep ɗinmu, ya tare mu. Ya ce ai yau an rufe fadar, amma zai zaga da mu gari a kan kuɗi ƙalilan. Ni na matsa wa Kawu muka hau. Ashe shagunan duwatsun ado da na teloli zai yi ta kai mu, inda ake ba shi lada a kan kowane baƙo. Ba mu sayi kome ba, amma mun yi asarar rabin yini, fadar kuwa a buɗe take. Kawu bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Yau ka biya kuɗin makaranta."

Shawarata ga duk wanda Allah ya kai shi can ita ce ya tambayi kuɗin abu kafin ya taɓa shi, ya sa mai tasi ya kunna mita, kuma ya guji wanda ya zo masa da arahar da bai nema ba. Mun dawo gida jarin Kawu bai taɓu ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce tafiya mabuɗin ilimi.