Shaidar Haƙora a Gaban Alƙali

Kowa ya sani mai sayen doki ya kan buɗe bakinsa ya duba haƙora don ya san shekarunsa, kome rantsuwar dillali. To, likitoci sun kai wannan ilmi ga ɗan Adam, har ya zama haƙori ya kan ba da shaida a shari'ar kisan kai.

Dalili kuwa shi ne, duk jikin mutum babu abin da ya kai farin ɓawon haƙori tauri. Nama ya ruɓe, wuta ta cinye fata, amma haƙori ya kan saura. Baligi yana da haƙora 32, kuma da wuya a sami mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya: wani da wushirya, wani da giɓi, wani an cike masa kogo. Likitan haƙori kuwa ya kan rubuta aikin da ya yi wa kowa ya ajiye.

Ga misali. A birnin Boston na Amurka an yi wani attajiri, Dokta George Parkman, wanda ya ke bin John Webster bashi. Shi Webster malami ne a makarantar likitoci ta Harvard. Ran 23 ga Nuwamba 1849 Parkman ya shiga makarantar, daga nan ba a sake ganinsa ba. Mai gadin wurin ya yi zato, ya fasa bango, ya tarad da guntayen gawa cikin ramin masan Webster. Kai kuwa babu, balle a gane fuska. Amma da aka tona tokar tanderunsa sai ga gutsattsarin ƙashi da haƙoran tangaran.

Da aka zauna shari'a cikin Maris 1850 aka kira likitan haƙori, Nathan Keep. Ya ce shi ya ƙera wa Parkman waɗannan haƙora a 1846, kuma har yau yana riƙe da zubin muƙamuƙinsa da ya yi. Muƙamuƙin nan kuwa mai turowa gaba ne, ba irin na kowa ba. Ya ɗora haƙoran bisa zubin a gaban jama'a, suka zauna daram. Aka yanke wa Webster hukunci, daga baya ya amsa da bakinsa cewa shi ya buge mutumin da itace, aka rataye shi ran 30 ga Agusta 1850. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Amma fa a lura. Haƙoran nan sun faɗi ko gawar wane ne, ba su faɗi wanda ya yi kisan ba. Bashin, da wurin da aka sami gawar, su ne suka nuna Webster. Daga baya waɗansu suka zarce, suka ce in an ga tabon cizo a jikin gawa suna iya gane mai cizon. Nan ne aka yi ɓarna, gama fata tana miƙewa tana kumbura, ba ta riƙe siffa sosai. A 1992 aka yanke wa wani Ray Krone hukuncin kisa a jihar Arizona bisa irin wannan shaida. Sai a 2002 gwajin ƙwayoyin halitta, wanda a ke kira DNA, ya nuna ba shi ne ba, bayan ya shekara 10 a kurkuku.

Mu masu koyon malanta akwai abu biyu da za mu ɗauka. Na fari, da Keep ya yar da zubin nan don ya ga aiki ya ƙare, da shaidarsa ta zama baki kurum. Saboda haka kada mu raina ajiye rajista. Na biyu, mu koya wa yara su san iyakar abin da hujja ta tabbatar, kada su ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.