Garka a Cikin Gwangwani: Yadda Za Mu Sa Ƙannenmu Su So Shuka

Mu ɗaliban babban aji, a littafin bana mun zaɓi mu yi magana kan abin da ke shiga tukunyarmu kullum, wato ganye.

A nan Maradi ba baƙi ba ne mu a harkar garka. Zogalen Jiratawa ya yi suna, albasar Galmi ana saninta har ƙasashen waje, Diffa kuma ta shahara da tattasai. Bayan farin shekarar 1984 aka ƙarfafa noman rani a Nijar, don mutane su daina jiran damina kaɗai. Duk da haka, yaran cikin gari da yawa suna tashi ba su iya bambanta rama da yakuwa, sai a cikin kwano. Wanda bai san ganye ba, ba zai shuka ba, kuma ran da ganye ya yi tsada a bazara, miyar gidansu ce za ta rame. To yaya za a sa yaro ya so shuka?

Abu na farko, a ba shi nasa. Yaro ba ya son aikin da aka ɗora masa, amma yana tattalin abin da aka ce nasa ne. Ba sai da fili ba. Babban gwangwanin tumatir, ko bidon na lita 20 da aka yanke, ko fasasshiyar tukunya sun isa. A huda gindin da ƙusa don ruwa ya fita, in ba haka ba saiwa ta ruɓe. A haɗa ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya. Takin kuwa ya zama tsoho, wanda ya bushe ya ruɓe, domin ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona ɗan tsiro. Sannan yaron ya rubuta sunansa a jikin gwangwanin, da boko ko da ajami.

Na biyu, a fara masa da abin da ke saurin fitowa, don haƙurin yaro gajere ne. Wake yana tsira cikin kwana 3 zuwa 5. Alayyahu ma haka, kuma bayan sati uku ko huɗu ana iya tsinkarsa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi a yayyafa a sama, kada a binne shi da zurfi. Na'ana'a ba ta ma buƙatar iri: a yanko reshe mai tsawon yatsa, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kwalbar ruwa, cikin kwana goma za a ga fararen saiwoyi. Yaro yana kallon saiwar da idonsa, wannan kaɗai ya fi dogon bayani. Ɗoɗɗoya ma tana kamawa ta wannan hanya. Zogale kuwa a sa ƙwayar a zurfin santimita 2, tana fitowa cikin sati ɗaya zuwa biyu. In ya kai ƙugun babban mutum a katse kansa, sai ya yi rassa, ganyen ya yawaita a inda hannun yaro zai kai.

Na uku, maganar ruwa, don mun san tsadarsa. Ruwan alwala da ke kwarara a banza a bakin masallaci da makaranta, in aka tare shi a bokiti, ya ishi gwangwanaye da yawa. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ma yana yi. Amma ban da ruwan omo da na jabel, suna kashe shuka. A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ba za ta shanye shi ba. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe. Lokacin da ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Na huɗu, abokan gaba: akuya, kaza da ƙwari. A ɗora gwangwanin a kan katanga, ko a kewaye shi da ƙaya ko tsohon gidan sauro. Don ƙwari, a daka ganyen dogon yaro a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma. Kada a ba yaro maganin feshi na kanti.

Akwai gargaɗin da ya zama dole. Yaron da ya fara son tsirrai zai fara ɗanɗana su. A koya masa doka ɗaya: abin da ba ka san sunansa ba, kada ya shiga bakinka. A nuna masa zaƙami, wanda ake kira haukata yaro, da ƴaƴan cin-da-zugu masu kama da gyaɗa, duka guba ne. Ƙaron tumfafiya kuma yana cutar da ido. Haka nan, shayin na'ana'a yana daɗaɗa ciki, zogale yana gina jiki, amma yaron da zazzaɓi ya kama a kai shi likita, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi tasiri: a ci abin da ya shuka. Ran da inna ta yi kwaɗon zogale ko dambu da ganyensa, a faɗa a gaban kowa cewa na wane ne. Baba ya sa na'ana'arsa a shayi ya ce madalla. A bar shi ya kai wa maƙwabta kaɗan da hannunsa. Malamanmu sun karantar da mu hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa mai shuka yana samun ladan sadaka ko da tsuntsu ne ya ci. Yaro ya ji haka, ko tsuntsu ya yi masa ɓarna ba zai yi kuka sosai ba. Kakanni kuma su ne ƙamus ɗinmu: a tura yaro wurin kaka ya tambayo sunan tafasa, lalo, gasaya da karkashi, da yadda ake dafa kowanne.

Roƙonmu ga iyaye, ku ba yara kusurwa ɗaya a tsakar gida, kada ku ce ƙazanta ce. Mu kuma yayye, kowa ya ɗauki ƙane ɗaya da gwangwani ɗaya a wannan hutun. Wanda ya sa zogale a leda yanzu, zai samu dashen da zai kai rami ran 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa ta ƙasa. Allah Ya sa albarka, Ya ba mu damina mai kyau.