Hoton sikana: abin da mara lafiya zai tarar a asibiti

A Cadakori, in likita ya ce a kai mara lafiya Maradi a yi masa hoton sikana, dangi sukan tsorata. Wasu cewa suke yi aikin fiɗa ne. Ba fiɗa ba ne. Ba a yanka, kuma hoton ba ya ciwo.

Kowa ya san hoton ƙashi, wanda ake kira radiyo. Sikana ƙanensa ne, amma ya fi shi ido. Radiyo hoto guda yake ɗauka. Sikana kuwa yana zagaya jiki, yana ɗaukar hotuna da yawa, yanki-yanki, kamar yadda mace take yanka kuɓewa. Da haka likita yake ganin abin da ke cikin kai, ko ƙirji, ko ciki. Wani Bature na Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera na'urar. A birnin Landan aka fara gwada ta ga mara lafiya, a 1971.

Inda ta fi amfani ga mutanen karkara shi ne buguwar kai. Mutum ya faɗi daga babur ko amalanke, ya tashi yana magana, a ce ya tsira. Alhali jini yana iya taruwa cikin ƙoƙon kai a hankali. In ya soma amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, kada a jira gari ya waye. Haka ma wanda ɓarin jikinsa ya shanye farat ɗaya.

Ba a zuwa sai da takardar likita. A tambayi kuɗin tun a gida. Wani lokaci akan ce kada a ci abinci na ƴan awoyi kafin hoton. A ɗakin, za a ce a cire ƙarfe: ƴan kunne, sarƙa, laya mai ƙarfe, tsabar kuɗi. Ƙarfe yana ɓata hoto.

Mara lafiya zai kwanta bisa wani gado siriri. Gadon zai shiga da shi cikin wani babban zobe mai kama da bakin rijiya. Zoben a buɗe yake gaba da baya. Zai ji ƙugi kaɗan. Ma'aikacin yana ɗaki na kusa, yana ganinsa ta gilashi, yana yi masa magana. Aikin mara lafiya ɗaya ne: ya kwanta shiru. In an ce ya riƙe numfashi, ya riƙe. Hoton kansa mintoci kaɗan ne. Jiran layi ya fi shi tsawo.

Wasu akan yi musu allurar wani ruwa a jijiya don hoton ya fito sarai. Jiki yakan ɗauki ɗumi, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, mutum ya ji kamar fitsari ya kuɓuce masa. Bai kuɓuce ba, kuma nan da nan yake wucewa.

A nan kunya tana cuta. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da ciki, ta faɗa kafin ta kwanta, ko da na fari ne, domin hasken sikana ya fi na radiyo ƙarfi. Mai ciwon ƙoda, da mai ciwon sukari, da mai fuka, da wanda magani ya taɓa yi wa ɓorin jini, su ma su faɗa.

Bayan allurar a sha ruwa da yawa. Ma'aikacin ba ya faɗin sakamako, sai likita ya duba hotunan. A koma da su, da takardar, wurin likitan da ya aiko.